Shekara Biyu a Kan Tambaya Ɗaya



Akwai wani littafi mai baƙin bango da muke riƙe wa Maigida, dattijon da jama'armu ke kai wa ƙara da neman shawara. A cikinsa muke rubuta abin da ya shiga asusun jama'a da abin da ya fita. Duk wanda ya buɗe shi zai ga tarihinmu a taƙaice: likkafani ga baƙon da ya rasu ba dangi, kuɗin magani ga matar da mijinta ya yi tafiya bai waiwayo ba, kuɗin mota ga matafiyin da guzuri ya yanke wa. Kakanninmu da yawa hanyar Makka ce ta sauke su a bakin Shari, tun garin nan yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Wanda ya san zafin yankewar guzuri shi ya kafa wannan asusu.

Shekara uku da suka wuce, cikin bazara, bayan sallar la'asar, aka kawo wa zaure wata buƙata da ba ta da shafi a littafin. Wani maraya ne daga cikin 'ya'yanmu, ya zo tare da baffansa mai tebur a kasuwar Dembe. Mun sakaya sunansa da na jami'arsa, domin maganar zaure ba ta fita da suna. Yaron ya gama digirin farko a ilimin kwamfuta, an kuma ɗauke shi karatun digiri na biyu, na bincike. Abin da yake nema shi ne kuɗin rajista da kwamfutar tafi-da-gidanka, domin wadda yake aro mai ita ya karɓe abarsa.

Ma'aji ne ya fara magana, kuma bai yi rufa-rufa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗi na gawa ne da majinyaci. Yaro ya yi shekara uku a jami'a, an ba shi takarda, mun je mun ci walima. In kwamfuta ya karanta, ga kasuwa nan cike da wayoyin da suka lalace. Ya buɗe rumfa ya rage wa baffansa nauyi." Baffan ya sunkuyar da kai, alamar maganar ta yi daidai da abin da ke ransa. Yaron ya ce, "Baba, karatun nawa ba na gyaran waya ba ne." Aka tambaye shi, to na mene ne? Ya yi bayani da Faransanci gauraye da Hausa, babu wanda ya fahimta.

Maigida ya yi shiru, can ya dube mu ya ce, "Malam, ku ne masu alƙalami. Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Ku je ku gano mana mene ne wannan karatu, ku dawo Juma'a mai zuwa."

Mu kuwa allo muka yi, daga nan muka zauna gaban malamai muka sha Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Faransancinmu na cike takardar hukuma ne. Amma matambayi ba ya ɓata. Muka zauna da yaron dare uku, muka je wurin wani malamin jami'a da ke sallah a masallacinmu, sannan muka ci gaba da bin al'amarin har shekara biyun suka cika. Abin da muka gano shi ne muke so mu ajiye a nan, domin wata rana irin wannan buƙata za ta shigo gidan wani daga cikinku.

Da farko sai a san tsanin. Jami'ar N'Djamena an kafa ta a 1971 da sunan Jami'ar Chadi, kuma tsangayarta ta kimiyya tana Farcha. Ita da sauran jami'o'in ƙasashen da ke karatu da Faransanci suna bin tsarin da ake kira LMD, wanda ya samo tushe daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Bologna na Italiya a 1999. Matakai uku ne bayan bakaloriya. Lisans shekara uku, masta shekara biyu, dakta aƙalla shekara uku. Ana auna aikin ɗalibi da wani ma'auni da suke kira kiredi: kowane zangon karatu 30, shekara 60. Lisans ke nan 180, masta kuma 120, a zango huɗu. A Nijeriya, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero a Kano, digirin farko yakan ɗauki shekara huɗu, amma gangar jikin digiri na biyu iri ɗaya ce: darussa tukuna, sannan bincike.

Masta ɗin kuma kashi biyu ne, kuma a nan iyaye suka fi ruɗewa. Akwai na sana'a, wanda ke shirya ɗalibi ya shiga banki ko kamfanin waya ko ma'aikata, ya ƙare da koyon aiki a wurinsu. Akwai na bincike, wanda ke shirya shi ya zama mai bincike da koyarwa, shi ne ƙofar dakta. Tsofaffin 'yan boko sun san su da sunayensu na da, DESS da DEA. Na farko yana koya wa yaro ya yi aiki da abin da aka riga aka sani. Na biyu yana neman ya kawo wani abu, komai ƙanƙantarsa, wanda ba a sani ba kafin shi, ya kuma tabbatar da shi a gaban waɗanda suka fi shi sani.

Saura mu gane shi kansa ilimin kwamfutar. A dare na biyu yaron ya gaji da yi mana bayani, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, kun san hatimi mai gida tara?" Muka yi dariya, wane ɗalibin zaure ne bai taɓa ganinsa ba? Lambobi daga 1 zuwa 9, a jera su yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ya ce hanyoyin da za a iya zuba lambobi tara a gida tara sun kai 362,880, kuma takwas ne kacal suke fitowa daidai. Idan aka koma mai gida 25, wanda kowane layinsa ke ba da 65, yawan hanyoyin zubi lamba ce mai gurbi 26. Ko da kwamfuta na duba biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta yi kusan shekara miliyan 500 kafin ta ƙare duba su duka. Amma malamin da ya san ƙa'ida yana cika shi da zubi 25, kafin shayi ya huce. Ya ce, "To wannan ƙa'ida, mataki bayan mataki, ita muke kira algoridim. Karatuna shi ne neman irinta, da tabbatar da cewa tana aiki, da auna saurinta. Kwamfuta alƙalami ce kawai."

A nan zancen ya shige mu. Sunan ma ba baƙo ba ne, daga Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi aka samo shi, masanin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Kuma wani malami daga Katsina, Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin cika irin wannan hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ashe abin da muke ɗauka na Nasara ne zalla yana da reshe a gidanmu.

Ranar Juma'a muka kai rahoto. Aka yi ta ja-in-ja har kusan magariba. Hukuncin da Maigida ya yanke shi ne a biya rajistar shekarar farko kyauta, kwamfuta kuwa a saya a matsayin bashi, baffa ya tsaya masa. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, haƙƙin matattu ne muka ara maka. Duk ƙarshen zango ka zo ka faɗa wa Malam inda ka kai." Wannan sharaɗi shi ya sa muka ga abin da iyaye da yawa ba sa gani.

Shekarar farko ba ta bambanta sosai da makarantar da aka saba ba, sai dai nauyi. Darussa ne da jarrabawa: algoridim da auna wahalarsa, rumbun adana bayanai, sadarwa tsakanin kwamfutoci, lissafin yiwuwa da ƙididdiga, dabarun bincike, da Turancin Ingilishi, domin kusan duk abin da ake wallafawa a wannan fage da shi ake rubutawa. Ku dubi nauyin da ke kan ɗan Bahaushen N'Djamena: Hausa a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, Larabcin littafi a allo, Faransanci a aji, yanzu kuma ga na biyar.

A shekara ta biyu ƙasa ta sauya. Zango na uku darussa suka ragu, aka koma karanta maƙalun masana ana tattaunawa. Zango na huɗu babu aji sam, wata huɗu zuwa shida ne na bincike zalla ƙarƙashin malami guda, jagoran kundi. Wannan dangantaka mun gane ta nan take, domin ita ce ta ɗalibi da shehinsa. Jagora ba ya yi maka aikin. Yana nuna maka abin da za ka karanta, ya hana ka ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinka, ya mayar maka da rubutu cike da jan alƙalami. Idan aka dace da mai lokaci, an tsira. Idan aka faɗa hannun wanda ɗalibai suka yi wa yawa, wata guda na iya wucewa ba a samu amsar saƙo ba. Yaronmu ya ɗanɗana duka biyun a hannun mutum ɗaya.

Abu mafi wuya, ga mamakinmu, shi ne samun tambayar. Sai da ya yi wata biyu yana karatu kafin ya same ta. Dole ta zama ba a amsa ta ba, dole kuma ta zama ƙarama yadda wata shida za su ishe ta. Ya fara da burin ƙera manhajar da za ta fassara dukan maganar mutanen Chadi. Jagoransa ya yi ta yanka wannan buri kamar mahauci har ya rage tsoka ɗaya.

Tsokar kuwa daga bakinmu aka yanko ta. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013. Akwai kuma ƙungiyar masu bincike 'yan Afirka mai suna Masakhane da ke aiki a kan harsunan nahiyar, sannan a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da tarin rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Burokan Nijeriya, mai suna NaijaSenti, domin koyar da na'ura. Amma Hausar da na'urori suka fi sha ita ce ta Kano da ta gidajen rediyo. Mu kuwa ga yadda ɗanmu ke rubuta wa yayansa saƙo: "Kuran ma fi tun jiya, ka turo mini gurus in sa kiredi." Jimla ɗaya, harshe uku: wutar lantarki da Faransanci, babu da kuɗi da Larabci, saura da Hausa. Tambayar yaron ita ce: shin na'urar da aka koyar da Hausar Nijeriya za ta iya gane harshen kowace kalma a irin wannan saƙo? In ba za ta iya ba, me zai gyaru idan aka ƙara mata misalai kaɗan daga bakin mutanen N'Djamena?

Na'ura ba ta koyo sai da misalai, misalan kuwa babu su a ko'ina. Sai ya dawo zauren da ya ba shi bashi yana roƙon saƙonni. Ya zo da takardar neman izini, ya karanta wa kowa, ya yi alkawarin share suna da lambar waya da duk abin da zai tona asirin gida. Wasu suka ba shi, wasu suka hana, kuma bai matsa wa kowa ba. Daga nan aka sa mutum uku, har da mu, kowa a keɓe, ya bi kalma bayan kalma yana sa mata alama: wannan Hausa, wannan Larabci, wannan Faransanci. Dalilin keɓewar shi ne a ga yawan inda muka dace da inda muka saɓa, domin in mutane ba su yarda da juna ba, ba a zargi na'ura ba.

Mun kuwa saɓa. Kalmar lekol, da 'ya'yanmu ke nufin makaranta, Faransanci ce ko ta zama Hausa? Wanda ya ce Faransanci ce sai aka tambaye shi, to lafiya da alƙalami da sabulu fa, su ma a mayar wa Larabawa? Dattawa suka kwana biyu suna wannan gardama, Ma'aji a kan gaba. Yaron yana gefe yana rubutu. Daga baya ya gaya mana masana harshe sun daɗe suna muhawara a kan iyakar da ke tsakanin aron kalma da sauya harshe a tsakiyar magana, kuma gardamar zaurenmu ta zama babi guda a kundinsa.

Da misalai suka taru sai ya kasa su biyu, kamar yadda aka saba a fagen: kusan kashi 80 cikin 100 a koyar da na'ura, sauran a ɓoye mata sai ranar gwaji. Wannan ma mun san shi. Malamin da ke son gane ko almajiri ya iya karatu ba ya jarraba shi a allon da ya wanke jiya, sabon shafi yake buɗe masa. Wanda ya bar na'ura ta leƙa tambayoyin gwaji ya yi ha'inci, ko da kuwa bisa kuskure ne.

Watannin nan sun yi masa tsanani. Zafin Afrilu, wuta ta tafi ana tsakiyar gwaji a koma farko, kuɗin intanet ya cinye na abinci. Ya rame. Baffansa ya zo mana sau biyu yana cewa yaron ba ya fita, ba ya kawo ko sisi, mutane sun fara magana. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ranar da ya zo ya ce dabarar da ya ɗora wa rai ba ta yi aiki ba, wata tsohuwar hanya mai sauƙi ta yi daidai da ita. Muka ce shi ke nan, kuɗin matattu sun tafi. Sai jagoransa ya ce masa ya rubuta hakan yadda yake, ya kuma binciko dalili. A wannan karatu, wanda ya gwada hanya ya nuna da hujja cewa ba ta ɓullewa ya yi aiki, domin ya hutar da na bayansa. Abin da ba a yafewa shi ne a gyara lamba don ta yi kyau.

Kundin da ya rubuta tsarinsa sananne ne: matsalar, abin da magabata suka yi a kanta, hanyar da ya bi, abin da ya samu, da iyakar abin da ya samu. Kowace magana da ba tasa ba sai ya faɗi mai ita da shekarar da ya faɗe ta. Da muka ga jerin sunayen a ƙarshen kundi muka ce masa, ai wannan isnadi ne. Wanda ya ɗauki maganar wani ya ce tasa ce, a wurinsu hukuncinsa na iya kaiwa ga soke digiri.

Ranar kare kundi, wadda suke kira sutnans, muka tafi mu shida, har da Ma'aji. A bainar jama'a ake yi. Alƙalai suna zaune a gaba: shugaba, da mai rahoto wanda ya karanta kundin tun kafin ranar ya amince a gabatar da shi, da mai jarrabawa, da jagora. Aka ba yaron minti 20. Sannan aka shiga tambayoyi kusan awa guda, ba sani ba sabo. Ɗaya ya ce misalansa sun yi kaɗan, kuma yawancinsu daga maza ne 'yan kasuwa, ina maganar mata? Yaron ya ce, "Gaskiya ne, na rubuta hakan a babin ƙarshe, kuma sakamakona bai wuce mutanen da na samu ba." Baffansa ya kama hannunmu, yana tsammanin an kayar da shi. Mu kuwa mun tuna malamanmu da ke cewa faɗin "ban sani ba" rabin ilimi ne. Alƙalai suka keɓe, suka dawo, kowa ya miƙe tsaye. Maki a kan 20 ake bayarwa: 10 an tsallake, 12 da dama-dama, 14 da kyau, 16 da kyau ƙwarai. Na ɗanmu ya isa ya nemi dakta.

A hanyar dawowa muka yi ta auna wannan da abin da muka sani. A zaure, ijaza shaida ce cewa ka karɓi amana daga malaminka yadda ya karɓa daga nasa, ba ka rage ba, ba ka ƙara ba. Wannan takarda kuwa shaida ce cewa ka karɓa, ka ƙara tubali ɗaya, ka kuma tsaya an gwada tubalin a gabanka. Ladabin ɗaya ne, haƙurin ɗaya ne, inda aka dosa ne ya bambanta. Al'umma tana bukatar masu tsare abin da aka gada, tana kuma bukatar masu ƙarawa.

Kada kuma mu yi muku daɗin baki. Digirin bincike ba ya zuwa da aiki a aljihu. Yau ɗanmu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, yana aika takardun neman gurbin dakta, amsa ba ta zo ba tukuna. Bashin kwamfuta ya biya fiye da rabi, yana kawo saura kaɗan-kaɗan duk wata. Ma'aji har gobe yana cewa da na sana'a ya yi da yanzu ya yi aure, kuma ba mu iya ce masa ya yi ƙarya ba. Amma shi ne kuma ya nemi a ba shi babin da gardamarsa ta shiga, aka fassara masa, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Saboda haka, idan ɗanku ko 'yarku ta zo da wannan magana, ga abin da za ku tambaya kafin ku ce i ko a'a. Masta na sana'a ne ko na bincike? Takardar makarantar hukuma ta amince da ita, kuma CAMES, majalisar da ke tantance digiri a ƙasashenmu daga Wagadugu, ta san da ita? Wane malami ne zai jagorance shi, ɗalibai nawa ne a hannunsa, nawa suka gama? Akwai kwamfuta da wuta da intanet na wata shida? Wa zai ciyar da shi a lokacin da ba ya kawo komai? Sannan ku ce ya faɗa muku tambayarsa da Hausa, cikin jimla biyu. Wanda ya kasa wannan bai riga ya same ta ba, sai a ba shi lokaci, kada a kore shi.

A taron ƙarshen shekara Maigida ya sa muka buɗe sabon shafi a littafin baƙin bango, bayan na likkafani da na magani da na matafiya. Muka tambaye shi sunan da za a sa masa. Ya ce, "Ku rubuta: masu yankewar guzuri a hanyar ilimi." Zuwa yanzu suna biyu ne a shafin, na biyun yarinya ce, kuma ta ce maganar matan da alƙali ya tambaya ita za ta je ta tattaro.

Allah Ya ba su sa'a, Ya ba mu ikon riƙe amana.